Madaurin Agogo da Kunun Alabo

Bayan mun dawo Mubi daga gudun hijira, aikin farko da aka kawo mini madaurin agogo ne, babu agogon. Maƙwabciyata ce ta kawo, wata dattijuwa 'yar duwatsun Michika da muke katanga ɗaya da ita a Wuro Patuji, kowa a layinmu Mama yake ce mata. Ta kwance bakin zaninta ta ajiye mini shi a kan tabarma. Ɓari biyu ne na baƙar fata da ta sha hannu, ɗaya da ƙarfen maƙalawa, ɗaya da 'yan huji a jere. Na autanta ne, wanda ya fita da safe ranar da yaran daji masu bindiga suka shigo gari, kuma har ranar da take zaune gabana ba wanda ya ce ya gan shi, a raye ko a mace.

Ta ce ɗan ƙarfen da ke riƙe kan agogon ne ya karye ana gobe abin zai faru. Yaron ya cire kan ya jefa a aljihu, ya bar madaurin a kan taga, wai in ya shiga kasuwa zai sayo wani ƙarfen. Da ta dawo ta tarar an kwashe katifa, an kwashe tukwane, har ƙyauren ɗaki an ɓalle, amma madaurin yana nan kan taga inda ya bar shi. Abin da take so shi ne in haɗa mata ɓarin biyu su zama abin hannu, ta riƙa sawa kullum. Na ce mata wannan ai aikin shan ruwa ne. Allah ya sani, har zuciyata haka na ɗauka.

Ni 'yar dukawa ce. Kakannin babanmu daga Sakkwato suka zo da basillarsu, shi kuma ya yi rumfa a kasuwa yana ɗinka kube da zabira da takalma. Abin da almakashinsa ya zubar ni ke tsincewa, da shi na fara 'yan kunne da abin hannu tun ina budurwa, can wajen farkon shekarun casa'in. Baba bai taɓa kiran abin da nake yi dukanci ba, wasan 'yar tsana yake ce masa. Dalilinsa kuwa shi ne ba na ɗinki. Ɗan kunnen da bai fi ganyen zogale ba ina za ka soka masa basilla? Dole sai gam. Ni kuma dama tun ina ƙarama ban taɓa ganin abu biyu a manne na bar su lafiya ba, sai na ɓamɓare na ga abin da ke tsakani. Na sha duka a kan tafin takalmin yayana har na daina ƙirgawa, ban daina ɓamɓara ba.

Saboda haka babu gam ɗin da ya shigo kasuwar Mubi ban gwada shi a kan fata ba. Sufa gulu, wannan ɗan ƙaramin da mata ke manna farce da shi, mugu ne. Yana kamawa kafin ka ƙifta ido, amma sai ya mai da fata kamar busasshen ƙanzo, ya bar mata farin tabo, ranar da aka lanƙwasa ta kuwa ta tsage. Na taɓa manne yatsuna biyu da shi ana kiran sallar la'asar, maigidana ya yi dariya har da riƙe ciki. Solushan na masu faci yana da haƙuri, yana miƙewa tare da fata, sai dai in rana ta buɗe sai ka ga gefe yana ɗagowa kamar bakin mai gulma. Farin gam na kafintoci ba laifi a kan 'yan kunne, tunda su ba a lanƙwasa su. Amma abin hannu shi ke shan wahalar duniya, shi ne wanke-wanke, shi ne gumi, shi ne goyo. Nasa gam ɗin guda ne, wannan rawayan na masu takalma da ake sayarwa a gwangwani, mai warin fetur. Shi nake ji da shi, kuma shi na jawo a ranar.

Na yanko jar fatar akuya mai laushi wadda zan shimfiɗa a ƙasa, madaurin ya hau kai. Na juya ɓarin farko na duba bayansa, inda yake taɓa hannu. Ya yi baƙi ƙirin yana sheƙi, gumi da man shafawa na shekaru sun shige shi. Duk wanda ya san gam ya san ba ya shiri da maiƙo. Ko ka zuba gwangwani guda, in ba ka kankare wurin da sanfefa ka goge da ɗan fetur ba, gobe za ka ɗaga shi kamar ɓawon ayaba. Na miƙa hannu na ɗauko sanfefa ina ta surutuna, ina ba Mama labarin yadda aka sace mini gudumata. Sai na ji an riƙe mini wuyan hannu.

Ta tambaye ni me zan yi. Na yi mata bayani, har da 'yar gadara, na ce dattin nan ne zan cire don gam ya kama. Mama Hausarta irin ta mutanen dutse ce, mace da namiji duk "kai" take ce musu, mun saba har ba ma ji. Ta ce, "Wannan ba datti ba ne. Kar ka taɓa." Ta ɗauki ɓarin ta kai hancinta, ta mayar. Kunya ta kama ni, na ajiye sanfefar a bayana kamar wadda aka kama da kayan sata.

Sai ta nuna gwangwanin ta ce, "In ka sa wannan, ranar da ya dawo za a iya cirewa? Kan agogon yana aljihunsa."

Ban taɓa jin wannan tambaya ba a duk shekarun da na yi ina sana'ar nan. Kowa abin da yake tambaya shi ne zai riƙe, ba zai saki ba? Na gaya mata gaskiya, na ce wannan in ya kama ya kama ke nan, in aka ja sai dai fuskar fatar ta biyo shi. Ta fara naɗe bakin zaninta za ta mayar da kayanta. Raina ya ɓaci, ba da ita ba, da kaina. A ce an kawo mini aikin fata gida ya gagare ni? Na ce ta bar mini shi, ba zan kankare ba, ba zan huda ba, ba kuma zan sa abin da ba ya fita ba. Ta daɗe tana kallona kafin ta saki.

Tabɗi, ranar na san na ɗauko wa kaina. Madaurin guda ne, babu na gwaji, in na ɓata shi babu inda zan sayo mata wani. Sai na faɗa wa tsohon bel ɗin maigida, wanda shi ma ya sha gumin da ya ishe shi, na yayyanka shi gutsi-gutsi yana masallaci. Da ya dawo ya ga aika-aikar sai ya ce dama ya san wata rana kansa zan yanka in gwada gam. Na ce ya bari sai na rasa fata. Na shafa wa kowane guntu irin nasa gam ɗin ba tare da kankarewa ba, na jera su a inuwa. Abin da na gani ya ba ni mamaki, don ban taɓa kallon gam ta wannan fuskar ba. Wanda ya riƙe, in ka cire shi sai ya tafi da fata. Wanda ya fita salin-alin, dama can bai riƙe ba. Farin na kafintoci ya ɗan ba ni rai, yana saki in an jiƙa shi, amma sai ya bar wata 'yar fatar roba a cikin ramukan fatar, ina tsinta da allura ina tsaki. Na yi ta mamakin yadda masu yin gam suka ƙare basirarsu kaf a kan kamawa, ba wanda ya zauna ya yi tunanin saki.

Dole ta sa na tafi wurin Baba. Lokacin ƙarfinsa ya ƙare, tun wahalar hanya da muka sha ƙafafunsa ba su koma daidai ba, yana zaune a zauren yayana yana sauraron rediyo. Na san zai yi mini dariya, ya kuwa yi. Ya ce ashe akwai ranar da gwangwani zai ba 'yar tsana kunya. Na haɗiye, tunda ni ke nema. Da na ba shi labarin Mama da ɗanta sai ya kashe rediyon.

Ya ce su a zamaninsu ba su san wani gam ba sai kunun alabo. Garin rogo ake damawa da ruwa, a ɗora a wuta ana juyawa har ya yi haske ya yi yauƙi, a jefa ɗan ƙaro a ciki, a ɗiga ruwan ganyen dogonyaro don kada kyankyasai su yi walima. Ya ce ba a taɓa yin sa don ya riƙe har abada ba, aikinsa ya riƙe fata a wurinta kafin zare ya iso. In ka ga ka yi kuskure sai ka jiƙa tsumma ka ɗora, ya saki, ka goge, fata ta koma kamar ba a taɓa ta ba. Na ce to ai shi ma ba zai kama maiƙo ba. Ya ce wa ya ce in shafa a kan madaurin? In yi masa gida mana, kamar yadda ake yi wa wuƙa kube. Wallahi sai na ji kamar in mari kaina, shekara da shekaru ina kallonsa yana naɗe bakin kube ban taɓa kawo wannan a raina ba.

Haka na yi. Na yanka jar fatar ta fi madaurin faɗi, na fefe gefunanta da aska har suka yi siriri kamar takarda. Na kwantar da ɓarin biyu a kai, na bar tsakaninsu daidai faɗin kan agogo, na rufe wurin da wata 'yar fata mai zanen da nake yi wa 'yan kunne. Sannan na naɗo gefunan suka ɗan hau bakin madaurin ta kowane ɓangare suka rungume shi. Kunun yana tsakanin sabuwar fata da sabuwar fata, sai ɗan abin da ya taɓa bakin tsohuwar. Bayan madaurin kuwa ko ɗigo bai gani ba. Na danne shi da dutsen niƙa ya kwana. Da safe na ɗaga ina addu'a, na lanƙwasa, na girgiza, na ɗaura a hannuna na share tsakar gida da shi. Ya zauna daram.

Da na kai mata na kafa mata doka. Na ce wannan abu ba ya shiri da ruwa ko kaɗan. In za ta yi wanka ta cire, in za ta yi wanke-wanke ta cire, in hadari ya taso tana gona ta sa shi a leda. Ta ce ta ji. Ta sa ni na nuna mata yadda za a buɗe shi in ranar ta zo, na nuna mata a kan guntun bel ɗin maigida, tsumma da ruwan ɗumi kawai. Ta maimaita da hannunta har ta gamsu. Ta miƙo hannu na ɗaura mata a hujin ƙarshe, don hannun yaron ya fi nata kauri nesa ba kusa ba.

Da rani abin ya yi lafiya. Damina na sauka kuwa sai ga ta da shi a leda, gefe ɗaya ya buɗe baki. Ba ruwa ne ya taɓa shi ba, danshin iska ne kawai, alabo ba ya jure wannan. Na dama sabon kunu na gyara. Kafin a cire gyaɗa ta sake dawowa. Daga nan abin ya zame mana al'ada. Ta shigo da 'yar yakuwa ko wake daga gonarta ta wajen Kwaja, in ɗora 'yar tukunyata, mu zauna muna hira kunu yana dahuwa. Ni kuma ban fasa gwaje-gwajena ba, yau in ƙara ƙaro, gobe in rage ruwa, wata rana har garin shinkafa na gwada, ya fi alabo kyau a ido ya fi shi saurin saki. Ina tsokanarta ina cewa ta mai da ni mai kunun asibiti. Ita kuma ta ce ni ce ban iya aiki ba, ina ɗora wa rogo laifi.

A wurin hirar nan na san yaron fiye da yadda na san shi yana raye a gabana, ko da yake ban taɓa yarda na ce "yana raye" ko "marigayi" a gabanta ba, sai dai in ce ɗanki. Ta gaya mini ba ya cin kuɓewa, kuma agogon ma na babansa ne. Ta gaya mini duk inda ta je nemansa. An ce an ga mai kama da shi a garin Uba, ta hau mota ta je, ba shi ba ne. An ce akwai waɗanda suka tsallaka Kamaru ba su dawo ba, ta aika a duba. A cocinsu ana sa sunansa a addu'a, ni ma in na idar da salla ina sa shi, na kuma gaya mata, ta ce Allah ai ba ya rasa kunne. Wani lokaci ina jin haushin kaina, ina ganin kamar da kunun nan nake taya ta riƙe abin da ya kamata ta sauke. Amma wa ya aike ni? Ni aka ce in manna, ba a ce in yi fatawa ba.

Damina ta uku da dawowarmu, wata ranar da rana tsaka, ta shigo ba yakuwa ba wake, zaninta jiƙe har gwiwa. Abin hannun yana dunƙule a tafinta, gefensa bai ko buɗe ba. Na tashi zan ɗauko tukunya ta ce in zauna. Ta ce wanki ta je yi a mayo, wato rafi, ta cire shi kamar kullum ta ɗora a kan dutse. Ta gama, ta ɗauki kayanta, sai da ta iso ƙofar gida ta ga hannunta wayam. Ta yar da kwanon wankin a nan ta koma da gudu, tsohuwa da ita, ta tarar ruwa ya ƙaru yana lasar gindin dutsen. Tana ba ni labarin muryarta ba ta ko rawa.

Sai ta ce, "Kawo mai warin fetur ɗin."

Na tambaye ta ko an ji wani labari ne.

Ta ce, "Ba labari. Na ɓatar da shi sau ɗaya ina kallo. Ba zan ɓatar da shi sau biyu ba."

Na tuna mata dai cewa sai an kankare, kuma in ya kama babu cirewa. Ta ce ta sani, ai ni na koya mata. Na jiƙa tsumma na buɗe gidan da na yi masa, ɓarin biyu suka fito tas, yadda ta kawo su ranar farko, har na ji wani banzan alfahari ya taso mini a wannan hali. Na ɗauko sanfefa. Da na fara gogawa sai ta tara tafin hannunta a ƙasa, baƙin garin yana zuba a ciki. Na yi a hankali don kada iska ta ɗauka. Da na gama ta juye shi a bakin zaninta ta ƙulle.

Shi gam ɗin masu takalma ba a shafawa a haɗa nan take. Fuska biyun ake shafa wa, a ajiye su daban, a jira har sai ka taɓa da bayan yatsa ka ji ba ya bin ka. In ka yi gaggawa ba zai riƙe ba, in ka wuce lokaci kuma ya mutu, sai ka sake daga farko. Na shafa, na jera su a gabanmu, muka zauna. Warin ya cika rumfar da nake aiki. Mama ba ta kallon fatar, ƙofar gida take kallo, wadda na bari a buɗe don iska. Masu wucewa suna wucewa, wani da buhu a kai, wani a kan keke. Na taɓa na ji ya yi. Na ce mata ya yi.

Ta ce, "Bari kaɗan."

Na bari. Ina kallon sheƙin gam ɗin yana dusashewa, na kuwa san abin da nake gani. Wani saurayi ya wuce da farar riga, ta bi shi da ido har ya ɓace. Na sake taɓawa. Na ce, "Mama, zai mutu."

Ba ta bari na haɗa ba. Ita ta ɗauki ɓarin farko da yatsunta, ta daidaita shi a kan jar fatar ta danna, ta ɗauki na biyu ta danna. Na biyun ya ɗan karkace, na gani, ita ma ta gani, babu kuma abin da za a yi. Na miƙa mata sabuwar gudumata ta bubbuga shi da kanta daga wannan baki zuwa wancan. Ni ce na yi kukan, ba ita ba, har ta ce in tashi in wanke fuskata kada maigida ya dawo ya ce dukana ta yi.

Na ce ta bar shi ya kwana kafin ya ga ruwa. Washegari da hantsi na fita zubar da shara na hango ta a bakin famfon layinmu, ta sunkuya a kan baho tana wanke tukwane. Hannunta yana cikin kumfa har gwiwar hannu, ba ta cire ba.